Wai yaya rana ɗaya take a tattakin wata guda zuwa Santiyago?

Sabon Matafiyi: Jama'a barkanmu da war haka. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin doguwar tafiyar ƙasa ta ziyara. Wani abokin aikina ya ja ra'ayina, mun tsayar da watan Mayu za mu taka daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa zuwa Santiyago a Sifaniya, inda babban cocin da Kiristoci ke tattakin ziyara zuwa gare shi yake, kusan kilomita 780. Na kalli hotuna har na gaji, kowa faɗuwar rana da duwatsu yake nunawa. Ni abin da nake son ji daban ne. Ƙarfe nawa ake tashi? Ina ake kwana? Yaya wanki? In ciki ya murɗa a tsakiyar gona ina mutum zai nufa? Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini tsakani da Allah.

Anti Mai Sanda: Ƙanena, ka zo gidan. Kwana 34 na yi a wannan hanyar, bari in ba ka rana ɗaya, don sauran duk 'yan uwanta ne.

Ba agogo ke tashinka ba, ƙarar leda ce. Tun biyar da rabi wani zai fara laluben jakarsa cikin duhu, ƙwaras ƙwaras, wani ya haska maka tocilan ɗin goshi a ido, shi ke nan barci ya ƙare. Ka sauko daga gadon sama a hankali, don in ka dira da ƙarfi tafin ƙafarka zai gaya maka abin da ya gani jiya. Taku goma na farko kowa ɗingishi yake yi, tsoho da yaro. Ka shafa basilin tsakanin yatsu, ka sa safa, ka fita zaure inda aka jera takalma, don ba a shiga ɗakin kwana da su. Kafin bakwai kana kan hanya, kana bin kibiya mai launin rawaya da aka zana a bango, a jikin itace, a kan dutse. Wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, shi ya fara zana su a shekarun 1980, kuma har yau su ne jagora. In ka yi minti goma sha biyar ba ka ga kibiya ba, ka koma baya, ka ɓata.

Karin kumallo sai ƙauye na farko da ka tarar da shago a buɗe, wani lokaci bayan kilomita biyar ko fiye. Daga nan tafiya ce dai, kilomita 20 zuwa 25, ka isa masauki wajen ɗaya ko biyu na rana. Su suna ce masa albergue. Za ka nuna ɗan littafinka na maziyarci a buga maka hatimi, a nuna maka gado. Wanka, wanki, abinci, a haka suke jere kuma kada ka sauya musu tsari. Wanda ya ce bari ya ɗan kishingiɗa tukuna, shi ne zai farka ƙarfe shida ya tarar rana ta bar igiyar shanya, gobe ya maƙala jiƙaƙƙiyar safa a bayan jaka tana lilo. Ƙarfe goma ake rufe ƙofa a kashe wuta. Kafin takwas na safe kuma dole ka fice, dare ɗaya ake ba ka.

Maganar ciki kuwa, shagunan shan kofi na hanya su ne mafita. Ka sayi wani abu ko ƙarami ne, ka shiga bayi. Inda ba gari, ka yi nesa da hanya, kuma ka riƙe 'yar leda ka ɗauke takardar da ka yi amfani da ita. Abin da ya fi ba ni haushi a tafiyar nan ke nan, farar takarda a bayan kowane kurmi.

Sabon Matafiyi: Anti na gode ƙwarai. To kaya nawa kika ɗauka? Jakata lita 65 ce.

Anti Mai Sanda: Lita 65? Ƙaura za ka yi? Abin da ake faɗa shi ne kada kayanka su wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin jikinka. In kana da kilo 70, to kilo 7 ke nan, kuma ka tuna kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Riga biyu ta tafiya, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Ni na fita da kilo 11, ranar farko kuwa hawan dutsen Pyrenees ne zuwa Roncesvalles, wajen kilomita 25 da hawa na sama da mita 1,200. Da na isa Pamplona gidan waya na fara nema, na tura kilo uku gaba. A masaukai da yawa akwai kwandon da mutane ke zubar da abin da ya ishe su. Na ga na'urar busar da gashi a ciki, na ga littafi mai kauri an yage rabinsa, mai shi ya tafi da inda bai karanta ba.

Nas ɗin Dare: Bari in sa baki kan ƙafa, tun da aikina ne kuma na yi wani yanki na hanyar. Bororo abu uku ke kawo shi: gogayya, danshi, zafi. Da ka ji wani wuri ya fara ɗumi a dunduniya ko ɗan yatsa, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai gari. Duk bayan awa biyu ka cire takalmi da safa ƙafa ta sha iska. Takalmin ya fi ƙafarka girma kaɗan, don ƙafa tana kumbura da rana, kuma ka tabbata ka taka shi makonni kafin ka tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yanke farce ƙasa ƙasa, gangara ce ke cin farce, musamman saukowa Zubiri da Molinaseca.

Ɗan Hanya: Ni na ga ana zura allura da zare a bororon, a bar zaren a ciki ya kwana yana tsotse ruwan. Wani tsoho ya yi mini haka, da safe na taka lafiya.

Nas ɗin Dare: Malam, Allah ne ya kiyaye ka. Zaren nan hanya ka buɗe wa ƙwayoyin cuta, daga safa mai gumi kai tsaye zuwa cikin nama. In ƙarami ne a bar shi a rufe. In babba ne yana hana taku, a wanke, a huda gefe da allura mai tsabta, a matse ruwan, a bar fatar a wurinta, a rufe. In ja ya fara yaɗuwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, tafiya ta tsaya sai an ga likita. Mai ciwon suga kuwa kada ma ya huda da kansa.

Ɗan Hanya: To na ji, Sista. Ni dai tawa tafiyar ba ta Sifaniya ba ce, daga Najaf zuwa Karbala a Iraƙi na taka lokacin ziyarar Arba'in, kilomita 80 cikin kwana uku. Amma da na karanta bayanin Anti sai na ga ƙafa dai ƙafa ce ko'ina. Bambancin shi ne can ba ka neman abinci, abinci ne ke neman ka. Rumfunan hidima da ake kira maukibi sun jeru hagu da dama, wannan ya tare ka da shayi mai baƙin suga, wancan da shinkafa, wani ya kama hannunka sai ka zauna ya matsa maka ƙafa, kuma ko sisi ba ya karɓa. Turakun hanya an sa musu lamba har 1,452, tsakanin kowane biyu mita 50. Da su ake lissafi, da su ake alƙawari. Sai ka ce wa abokinka mu haɗu a turke na 600. Shekarun nan Arba'in yana faɗowa cikin tsananin zafi, don haka da rana kwanciya ake yi, bayan la'asar a tashi a yi ta tafiya har dare ya raba. Akwai masu tasowa tun daga Basra, kusan kilomita 500.

Mai Lura: Ni fa tambayata, mene ne hukuncin Musulmi ya bi hanyar da ta ƙare a coci? Shi ma wancan tattakin akwai magana a kansa.

Mai Gudanarwa: Malam Mai Lura, da girmamawa, dokar zauren nan ba ta canza ba. Maganar aƙida kowa ya kai wa malaminsa. Nan ƙafa da jaka da masauki muke tattaunawa. A ci gaba.

Sabon Matafiyi: Na gode shugaba. Ni don tafiyar zan je da kuma nutsuwa. Amma tun da an taɓo, yaya salla da abinci?

Anti Mai Sanda: Ni Kirista ce, amma na yi kusan mako guda ina tafe da wani bawan Allah Musulmi, na ga yadda yake yi. Yana da 'yar sallaya mara nauyi, a farfajiyar masauki yake shimfiɗawa ko gefen gona, ban ga wanda ya ɗaga masa ido ba. Abin da ya ba shi wahala lokaci ne. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa a can sai wajen tara da rabi, lisha kuwa sai an riga an kashe wuta. Ya ce mini haɗawa yake yi tun da matafiyi ne. Abinci kuma ka buɗe ido, naman alade yana shiga inda ba ka zata ba, har miyar wake da ta ganye. Ka koyi cewa sin cerdo, wato ban da alade, kuma ka sake tambaya ko an sa tsiran alade a romon. Abincin maziyarta da ake sayarwa da yamma yakan zo da giya a cikin kuɗin, sai ka ce ruwa kake so. Wainar ƙwai da dankali tana ko'ina, ga kifin gwangwani, burodi, cuku, 'ya'yan itace. Masaukai da yawa suna da kicin. Sai dai ka sani shaguna a ƙananan garuruwa suna rufewa daga wajen biyu zuwa biyar, ranar Lahadi kuma yawanci ba sa buɗewa. Na taɓa kwana da busasshen burodi da tuffa ɗaya saboda na manta Asabar ce.

Uwar Biyu: Ba wanda ya yi maganar minshari! Ɗaki ɗaya mutum arba'in, maza da mata. Akwai wani da muka kwana da shi sau biyu, har gadon ƙarfen rawa yake yi. A dare na uku da na hango jakarsa a layi sai na ƙara gaba zuwa masauki na gaba. Ka sayi abin toshe kunne, biyu ma, don ɗaya zai faɗa ƙarƙashin gado.

Nas ɗin Dare: Da kuɗin cizo. Kada ka ɗora jaka a kan gado, ka duba ɗinkin katifa kafin ka kwanta. In ka tashi da cizo a jere a hannu ko wuya, ka gaya wa mai kula da masaukin, ba abin kunya ba ne. Zafi ke kashe su, a wanke kaya a ruwa mai digiri 60 ko a sa a injin busarwa. Wanda ya ɓoye shi ke kai su gari na gaba.

Dattijo: Na karanta duka. Yaro, shawarata ɗaya ce. In za ka yi, ka yi ta gaskiya, kayanka a bayanka, ƙafarka a ƙasa. Yanzu abin ya lalace. Mutum ya ba mota jakarsa da safe, ya kama ɗaki a otal ta waya, ya rataya 'yar jakar ruwa yana tafe yana ɗaukar hoto, ya fara daga garin Sarria da ke kusa da ƙarshen hanya don kawai ya cika kilomita 100 a ba shi takardar shaidar kammala tafiya. A 2023 mutum fiye da 440,000 aka ba takardar nan. Nawa ne a cikinsu suka san zafin hanya? Ni daga Porto ta ƙasar Fotugal na taso, kilomita wajen 240, ban ba kowa ko safa ya riƙe mini ba.

Uwar Biyu: Baba, da ni kake, don daga Sarria na fara kuma mota ce ta ɗaukar mini jaka. An yi mini aiki a gwiwa, hutun da na samu a wurin aiki kwana takwas ne, yara biyu na bari a gida. Kilomita 115 ɗin nan kwana shida na yi ina jan ƙafa a cikin ruwan saman Galisiya, yankin da Santiyago take, kullum ni ce ta ƙarshe da ke isa. Sai in zauna a gida har ranar da zan samu wata guda da sabuwar gwiwa?

Dattijo: 'Yata, mai lalura daban. Ina magana ne kan ƙarti majiya ƙarfi.

Uwar Biyu: To ai ba a rubuta lalura a goshi, Baba. Wanda ya gan ni da 'yar jaka shi ma cewa zai yi ga 'yar yawon buɗe ido.

Ɗalibi a Japan: Ranka ya daɗe Dattijo, in aka bi wannan ma'aunin kai ma ba ka tsira ba. Mutanen zamanin da daga ƙofar gidansu suke tashi, in sun isa kuma su juyo da ƙafa, ba jirgin da ke jiran su. Masu hali a cikinsu kan doki suke zuwa, kuma har yau ana ba wanda ya yi kilomita 100 a kan doki takardar, mai keke kuma 200. A nan tsibirin Shikoku akwai zagayen wuraren ibada 88 na mabiya Buddha, wajen kilomita 1,200, wanda ake dangantawa da malaminsu Kukai. Mai tafiya da ƙafa yakan yi kwana 40 zuwa 50, amma mafi yawa da bas ko mota suke yi, kuma hatimi iri ɗaya ake buga wa kowa. Na taka kwana biyar a ciki lokacin hutu. Abin da ya tsaya mini a rai sandar ce. In ka isa masauki, ƙasan sandar za ka fara wankewa kafin ka kula da kanka, kuma ba a dogara ta a kan gada. Wata tsohuwa ta tsayar da ni ta ba ni lemo biyu. Suna kiran irin wannan kyauta osettai, kuma ba a mayarwa.

Dattijo: Kai ɗalibi, ka iya kawo hujja. Amma ni dai na san abin da na ji a kafaɗata, kuma na san wanda bai ɗauka ba bai ji shi ba.

Anti Mai Sanda: Baba yana da gaskiya ta wani gefen, bari in faɗi laifina. Ranar da na iso Sarria bayan kusan wata guda a hanya, raina ya ɓaci. Jiya muna tafe mu biyar shiru, yau ga ɗaruruwa, takalma fes, ana kiɗa a waya, layin kofi har waje. Na riƙa kallonsu a wulaƙance, ni da rigata da rana ta cinye. Kuma daga nan ake fara tseren gado, don masaukan hukuma ba a kama wuri, wanda ya riga zuwa shi ke samu, sai ka ga jakunkuna a jere a bakin ƙofa tun sha biyu. Daga nan ma hatimi biyu ake so a rana maimakon ɗaya.

Sai dai ni ɗin da nake hura hanci, bas na hau daga Mansilla de las Mulas zuwa León. Ƙwaurina ya kumbura a Meseta, wannan shimfiɗaɗɗen fili tsakanin Burgos da León inda alkama ce kawai da sama. Akwai wani yanki bayan Carrión de los Condes, kilomita 17 ba gari, inuwa ma sai ka yi da gaske. Can na yi ganganci na bi saurin wasu matasa don kada a bar ni ni kaɗai. Jiki magayi. Kwana biyu na kwanta a León ƙafa a kan matashi da ƙanƙara. Ban gaya wa kowa maganar bas ɗin ba sai yau.

Dattijo: To ga shi an fara tonawa.

Anti Mai Sanda: An fara, Baba. Ƙanena, abin da zan ƙara maka shi ne kai da abokinka ku yi magana tun yanzu. Saurinku ba zai zo ɗaya ba. Na ga aminai sun daina gaisawa a kwana na goma saboda ɗaya yana son tashi biyar ɗaya yana son bakwai. Ku yarda kowa ya yi tafiyarsa, ku haɗu a masauki. Kuma za ka ga abin mamaki, mutanen da kuka fara tare za ku yi ta ɓacewa kuna sake haɗuwa. Ba ka san sunan mahaifin mutum ba, ba ka san aikinsa ba, amma ka san wane yatsansa ne ke ciwo. Akwai wata 'yar Koriya da ba ma jin yaren juna, kullum in mun haɗu sai ta nuna dunduniyarta ta ɗaga babban yatsa ko ta kifar da shi, ni ma in nuna ƙwaurina. Hirarmu ke nan har Santiyago.

Ɗan Hanya: Wannan haka yake. Ni ma wanda ya riƙe mini jaka na shiga wanka a turke na 900 da wani abu, har yau ban san daga wace ƙasa yake ba.

Sabon Matafiyi: Ranar isowa fa, Anti? Yaya kika ji?

Anti Mai Sanda: Yunwa na ji. Na tsaya a filin gaban babban cocin, na ajiye jaka, na zauna a ƙasa kamar kowa. Daga nan na je ofishin maziyarta na ɗauki lamba na jira layi, aka duba hatimaina aka ba ni takardar da Latin. Kukan sai washegari ya zo, da na farka biyar da rabi na ga ba inda za ni. Shi ya sa wasu ke ƙara kilomita wajen 90 zuwa Finisterre a bakin teku.

Sabon Matafiyi: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya Asabar na gwada kilomita 15 da jakar a cike, na auna ta kilo 12. Kafaɗa kamar an yi mini duka, ga bororo a ƙaramin yatsan hagu. Sista, ban sa zare ba. Ga abin da ke ciki: wando huɗu, riga biyar, takalmi biyu da silifas, jakar barci, tawul babba, kwamfutar hannu, ƙaramin risho, littafi biyu.

Anti Mai Sanda: Risho! Fitar da shi. Kwamfuta ta zauna a gida, wayarka ta isa. Wando biyu, riga biyu da ta sanyi ɗaya, takalmi ɗaya da silifas na yamma, tawul ƙarami mai saurin bushewa, rigar ruwa. Littafi ɗaya in ka matsa. Ka ƙara fil guda shida na maƙala wanki a jaka. Ka sake aunawa ka faɗa mana.

Nas ɗin Dare: Ƙaramin yatsa alamar takalmin ya matse ka ta gaba. Wace irin safa ka sa? In ta auduga ce ka canza, tana riƙe gumi. Kuma ka sake fita yau ko kilomita takwas ne, don a san yadda ƙafar take a rana ta biyu.

Dattijo: Sanda fa? Ban ga sanda a lissafin ba.

Sabon Matafiyi: Ta auduga ce, Sista. Baba, sanda ɗaya ko biyu?